Yadda Ake Kwance Tsohon Gidan Ƙasa Ba Tare da An Yi Asarar Azara da Sauran Kayansa Ba

A cikin ganuwar Bauchi, a unguwanni irin su Jahun, Ilelah da Nassarawo, da wuya rani ya wuce ba a sauke wani tsohon soro an kafa ginin bulo a gurbinsa ba. Ban ga laifin masu gidajen ba. Iyali sun ƙaru, damina tana cin bango, masu iya yaɓen makuba, wato yaɓen ɓawon ɗorawa mai hana ruwa cin bango, kuma kullum raguwa suke yi. Abin da ba na so shi ne yadda ake saukewar: a tara samari, a sare gindin bango da diga, a ɗaura igiya a ja, kafin la'asar gida ya zama tsibin ƙasa. Azarar da ta yi wa kakanni hidima gara ba ta taɓa ta ba sai ta kakkarye a ƙarƙashin ɓaraguzai, ƙarshenta murhun mai ƙosai. Alhali giginya, wadda daga jikinta ake tsago azara, sai ta shekara da yawa kafin ta isa tsagawa, waɗanda suka isa ɗin kuma sun yi ƙaranci a dajinmu.

Na daɗe ina wannan aiki tare da maginan cikin gari, kuma duk abin da zan faɗa ya rataya ne a kan ƙa'ida guda: abin da magini ya ɗora a ƙarshe shi ake fara saukewa, kuma ba a zare abin da ke ɗauke da nauyi sai an sauke nauyin tukuna.

Kayan aiki

Na tono da kwasa: fartanya, galma, shebur, kwanon sarki, baro, da diga guda ɗaya ko biyu. Kada diga ta yi yawa a wurin, domin duk leburan da ya riƙe ta hannunsa zai yi ta ƙaiƙayin sara. Yawancin aikin rufi da fartanya ake yin sa.

Na kwancewa: guduma babba da ƙarama, gizago, zarto, wuƙa mai kaifi ta yanke tsohuwar igiya, da dogon ƙarfen nan mai lanƙwasasshen baki da kafintoci ke zare ƙusa da shi. In ba ka samu ba, kai wa maƙeri guntun rodi mai kauri ya buga maka bakinsa ya faɗaɗa.

Na tokara da hawa: tsani mai ƙarfi guda biyu, igiya mai kauri, faffaɗan katako na takawa, da matokarai. Ana hayar matokaran ƙarfe a wajen masu zuba rufin kankare, amma itacen turare miƙaƙƙe ko gwafa mai kauri ma suna yi, muddin ɗanye-ɗanye ne ba wanda ya bushe ya tsage ba.

Na kare jiki: hular kwano, takunkumi, tabarau, takalmi mai rufaffen baki, da safar hannu ta fata. Safar nan ba ta ado ba ce. Azara tana da baƙaƙen zaruruwa masu tsini, sartsenta in ya shiga tafin hannu sai ya ɗuri ruwa. In babu hular kwano ta ma'aikata, ta 'yan acaɓa ta fi hular zanna.

Sai alli ko fenti na sa lamba, tef na awo, tocila, waya mai ɗaukar hoto, tamfol, buhuna, da duro cike da ruwa na kwantar da ƙura.

1. Ka tabbata gidan na kwancewa ne

Tsohon gida a cikin gari kusan duk na gado ne. Kada ka karɓi aiki daga bakin mutum ɗaya, ko da shi ne babban wa. A zauna da magada, mata da maza, a yarda, a rubuta, kuma a rubuta wa zai mallaki azara, ƙyaure da kwano. Rigimar da ke tasowa bayan aiki yawanci a kan waɗannan take, saboda sai an tara su wuri guda kowa ke gane kuɗi ne.

Daga nan sai gidan mai unguwa. Ka je da kanka ka ce, "Ranka ya daɗe, za mu taɓa gidan su wane, muna so a san da mu, a kuma kira mana maƙwabta." Dalili shi ne katangar haɗaka. A tsohon gari bango ɗaya yakan raba gida biyu, wani lokaci azarar ɗakin maƙwabci a cikinsa take kwance. Ka shiga gidan maƙwabcin da izini ka duba da idonka. Bangon da ke ɗauke da rufin wani ba naka ba ne, ko da takarda ta ce naka ne. Ka kuma nemi izinin hukumar tsara birane ta jiha, tun da dai za ka buƙace ta a sabon ginin.

Akwai kuma ginin da bai kamata a kwance ba sam. Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, a ƙaramar hukumar Ganjuwa, wanda ake danganta gininsa ga Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin tsohon masallacin Juma'a na Zariya, tun 1956 aka sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa. Irin wannan yana ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da aka kafa a 1979, taɓa shi laifi ne. Ganuwa da ƙofofinta, irin su Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti, na jama'a ne, ba wurin ɗibar ƙasa ba. Amma ba wanda doka ta ambata kaɗai ba. In ka shiga zaure ka ga ɗaurin guga, wato rufin da bakuna ke haɗuwa a tsakiyarsa, lafiyayye, ko aka ce maka nan wani babban malami ya karantar, ko gidan sarauta ne tun zamanin Yakubun Bauchi da 'ya'yansa, dakata. Ka ba magada shawara su sauke ɗakunan ciki su bar zauren, a sanar da Sarkin Magina ko fada. Sau da yawa gyaran indararo da sabon yaɓe kaɗai irin wannan zaure yake nema. Na fi son in rasa aikin da in sa hannu a irinsa.

2. Lokaci da ma'aikata

Rani ake yi, daga Nuwamba zuwa Maris. Ƙasar da ta sha ruwa ta fi nauyi, bango kuma yakan zame ba gargaɗi. Wanda ya buɗe rufi a watan Mayu, hadari ɗaya ya isa ya mayar masa da tubalinsa taɓo.

Kada ka ba da aikin jinga. Wannan ita ce shawarar da aka fi ƙin ji, ita ce kuma ta fi tsirar da kaya. Ɗan jinga so yake ya gama ya tafi, ba ruwansa da azarar da ta karye. Ka biya kuɗin yini, ka ƙara ɗan ihsani a kan kowace azarar da ta sauko lafiya. Mutum biyar ko shida sun isa ɗaki guda, kuma lallai a cikinsu a sami dattijon magini wanda ya taɓa ɗaura rufin azara da hannunsa. Ko ba zai ɗaga komai ba, a ba shi kujera a inuwa. In ya ce, "Yaro, sauko daga nan," a sauko, a yi tambaya daga baya.

3. Zagaya gidan kafin a taɓa komai

A kwashe mutane da kaya da dabbobi gaba ɗaya. Ba a kwance ɗaki ana kwana a na kusa da shi. A tare lungun da igiya ko zana saboda yara, a sa mutum guda ba shi da aiki sai korarsu.

Ka shiga kowane ɗaki da tocila ka ɗaga kai. Abin da kake nema: inda rufi ya yi ciki, inda ruwa ya bar tabo, hanyar gara a jikin bango, tsagar da ta taso daga kusurwa, da bangon da ya karkata. Ɗakin da rufinsa ya riga ya lotsa sosai ba a hawansa, ba a shigarsa. Irin wannan daga gefe ake cin sa, a kan tsani ko dandamali, a haƙura da abin da ya karye.

Ka nemi tsoho ko tsohuwar da ta girma a gidan ka tambaye ta, "Inna, ina rijiya take a da? Ina aka yi salga? Akwai wanda aka rufe a cikin gidan nan?" Tsohuwar rijiya da shaddar da aka rufe da itace aka bi da ƙasa sun fi bango haɗari, domin ba a ganinsu sai baro ya nutse da mai tura shi. Duk inda aka nuna, a kafa alama. In akwai kabari, a kewaye shi, a bar maganarsa ga malamai da magada.

Sai hoto da lamba. Ɗauki kowane ɗaki ta kusurwa huɗu, da rufinsa daga ƙasa. Ba wa ɗakuna suna, ka rubuta a jikin manyan azara da ƙyaure da alli: zaure 1, zaure 2, turaka 1. In ana so a maimaita rufin a wani wuri, wannan lamba ita za ta nuna wa magini wacce ke bin wacce. In akwai zanen ado a fuskar zaure, ka sani da wuya ya ciru lafiya, domin jikinsa ɗaya da bango. Ka ɗauke shi hoto da tef a gefe, sannan ka manna takardar buhun siminti ka goga gawayi a kai, siffar za ta fito daidai girmanta.

4. Wuta, ƙyaure, kwano da silin

A kira ma'aikatan wuta su cire waya daga turken wuta, kada a dogara da cewa an ɗauke wuta. A toshe famfo.

Ƙyauren da, na katako mai kauri da manyan ƙusoshin maƙera, sau da yawa ba shi da hinji, ƙafa gare shi da ke juyawa a rami. Ɗaga shi ake yi sama a zaro ƙasan, ba a fizga. A cire ƙyaure da tagogi, amma azarar da ke kan ƙofa a bar ta, bango take ɗauke da shi, sai an zo kanta daga sama. In ƙyauren yana da tsohon fenti mai kauri, kada a kankare shi a bushe ko a ƙona, tsofaffin fenti sukan ƙunshi dalma. A jiƙa, a kankare a waje, da takunkumi.

Gidaje da yawa an ɗora musu kwano a kan soro daga baya. Zare ƙusa ake yi ɗaya-ɗaya, a sa ɗan katako a ƙarƙashin ƙarfen don kada kwanon ya lotsa, a miƙo shi ƙasa da hannu. Ba a aikin kwano ranar da iskar hunturu ke kaɗawa. Tsohon kwano ya fi na yanzu kauri nesa ba kusa ba, kada ka bari 'yan gwangwan su auna maka shi a kilo. Ko mai huji yana rufe garke ko rumfa.

Silin fari-fari mai tauri, da rufin nan mai kama da kwano amma na siminti, waɗanda aka yi yayinsu shekarun baya, yawanci asbesto ne. Ƙurarsa tana lalata huhu, cutar kuma sai bayan shekaru take bayyana. A jiƙa shi sharaf, a kwance shi ɗungurungum ba fasawa ba yankawa, a naɗe a leda mai kauri, a tambayi hukumar muhalli inda za a kai. Wannan ba ya cikin kayan da ake sake amfani da su, ko kyauta kada ka ba wani.

5. Tokara

Kafin ƙafar kowa ta taka saman soro, a tokare shi daga ciki. A shimfiɗa katako a ƙasa, a kafa matokari a kai, a sa wani katakon a sama ya tare azara da yawa a lokaci guda, a buga 'yan guntayen itace a matse. Matsewa kawai, ba ɗagawa ba. In ka ɗaga rufin da ya shekara da shekaru a zaune, ka tayar da tsagar da ba ta nan. Tazarar mita ɗaya tsakanin matokarai ta isa, a ƙara a inda ya yi ciki. Da an gama, kowa ya fita, a toshe ƙofar.

6. Sauke ƙasar rufi

Nan ne aikin yake, nan ne kuma ake samun rauni. Ɗaki mai mita 3 a mita 3, in kaurin ƙasar rufinsa santimita 20 ne, nauyinta ya kai wajen tan 3, kimanin buhun siminti 60 ke nan. Tsohon soro kuwa yakan fi haka, domin kowace shekara ana ƙara masa yaɓe a kan na bara.

A fara da indararo. Na ƙasa, aikin masu ginin tukwane, a tone kewayensa da wuƙa ko ƙaramin ƙarfe a zaro a hankali, yana da masu so. Sai zankwaye da rawanin soro, wato 'yar katangar da ta kewaye saman, a sassare su kaɗan-kaɗan ana turawa waje, ba kan rufin ba. Amma a tsaya daidai fuskar rufi. Bangon da ke danne da kan azara ba yanzu ba.

Mutum biyu kaɗai ke hawa, su shimfiɗa katako su taka a kai, kusa da bango inda azara ta fi ƙarfi. A yayyafa ruwa kaɗan saboda ƙura, kaɗan fa, ba a jiƙa ba. A ɓamɓare ɓawon sama na makuba ko laso, wato simintin gargajiya mai hana yoyo, a tara shi daban. Sannan a riƙa fere ƙasar da fartanya a kwance, hawa-hawa, ko'ina daidai. A fara daga tsakiya, inda azara ta fi wahala da nauyi, ana ja da baya zuwa bango. Kuskuren da na fi gani shi ne a tone gefe ɗaya har azara, a bar ɗaya gefen da cikakken nauyinsa, ko kuma a tara ƙasar da aka tona tsibi guda a kan rufin kafin a zubar. Duk kwanon da ya cika a sauke shi nan take. In an jingina tsohon kwano biyu a jikin bango suka zama magangara, ƙasar za ta riƙa zuba kai tsaye cikin baro.

Diga ba ta hawa sama. Sara ɗaya ya isa ya tsaga azarar da ke ƙasa.

Da ka ga zana ko kara ko ciyawa, ka iso shimfiɗar da ke kan azara. A nan a ajiye fartanya a koma shebur da tsintsiya. A nan ne kuma mazauna rufin suke: kunama, gizo-gizo, ɓera, jemage, wani lokaci maciji. Kada a cusa hannu inda ido bai gani ba, a ɗaga da sanda. Busasshen kashin jemage a jiƙa shi kafin a share. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure wurin tamau, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a kai shi asibiti. Asibitin masu saran maciji na Kaltungo yana da nisa daga Bauchi, don haka tun kafin a fara aiki ka san inda ake samun allurar dafin maciji a kusa.

7. Zare azara

Yanzu rufin ya zama ƙashi zalla, kana iya ganin yadda aka jera shi. Ƙananan azara ne a sama, a jere kusa da kusa, wani lokaci a karkace don ado, suna kwance a kan manya. Ƙananan ake fara ɗagawa, a yanke igiyar da ta ɗaure su, a miƙa wa na ƙasa hannu da hannu. Ba a jefa azara. Tana da ƙarfi in nauyi ya zauna mata a hankali, amma faɗuwa a kan kai tana tsaga ta tsawonta.

Manyan kuma kawunansu a cikin bango suke. Kada a ja, kada a girgiza. A tone bangon da ke kan kowane kai har ya fito fili ta ɓangare biyu, a ɗaura igiya, mutum biyu su ɗaga tare su zuro ta ƙasa. Ɗaya bayan ɗaya, ana cire matokarin kowacce bayan ta sauka.

Ga abin da ya kamata ka fahimta game da manyan ɗakuna. Azara ɗaya ba ta ƙetare fili mai faɗi, abin da ya wuce kamar ƙafa shida sai ta fara lanƙwasa. Shi ya sa magina suke fito da gajerun azara daga cikin bango hawa-hawa, kowacce ta ɗara ta ƙasanta, har tazarar ta ragu. Waɗannan gajerun ba abin da ke riƙe da su sai nauyin bangon da ke danne da gindinsu. Ka sauke wannan bango kafin ka sauke abin da suke ɗauke da shi, duk su kife ciki lokaci guda. Don haka a nan ma daga sama ake bi: doguwar da ke kai, sai hawan da ke bi mata, sai na ƙasa.

Bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi, da ɗaurin guga haka suke, sai dai sun fi wuya. Abin da kake gani kamar baka na ƙasa, a cikinsa azara ce aka ɗaɗɗaure da igiya, ta taso daga bango biyu ta haɗu a tsakiya, kowane ɓangare yana jingine da ɗan'uwansa. A kafa dandamali a ƙarƙashi, a tokare kowace ƙafa a wuri biyu ko uku, a ɓamɓare ƙasar jikinta da gizago har igiya ta bayyana, sannan a kwance daga ƙololuwa ana komawa bango, ana ɗaukar ɗaya a dama ɗaya a hagu. In wannan ne aikinka na farko, kada ka yi shi ba dattijon magini a tsaye. In babu shi, a bar ɗakin sai an samo shi.

8. Bango da tubali

Bango daga sama ake cin sa, layi-layi, ana zagaya ɗakin, kada wani ɓangare ya fi wani tsawo da abin da ya wuce kamu biyu. Bangon da aka bari shi kaɗai tsaye, ba rufi ba kusurwa, iska ma tana iya kayar da shi, kada a tashi aiki a bar irinsa. Saran gindi a ture kuwa, ko mai gida ya matsa maka, ka ƙi. Bangon ƙasa ba ya faɗa maka ɓangaren da zai faɗi.

In ka kankare yaɓe za ka ga tubali a jere, masu faɗin gindi da tsinin kai, an zaunar da su a cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa. A sa bakin ƙarfe a tsakaninsu a ɗaga. Wanda ya fito lafiya, ka sake shi daga daidai gwiwa, in bai fashe ba, zai sake gini. Kada ka sa rai da yawa, a wasu gidajen tubali da ƙasar sun riga sun zama abu ɗaya, ba kuma asara ba ce tun da ƙasar ma tana da amfani. Duwatsun harsashi a tone su a tara.

Katangar haɗaka da aka bari, a yaɓe fuskar da ta buɗe, a rufe kanta kafin ruwan farko. Hakkin maƙwabci ne, a kuma sa shi cikin lissafin kuɗin aiki tun farko.

In ginin na zamanin Turawa ne, irin na tsohuwar unguwar ma'aikata ko gidajen da suka zo da layin dogon da ya ratsa Bauchi da Gombe ya kai Maiduguri a 1964, tsarin bai canza ba. Bambancin a jan bulo yake: wanda aka ɗaura da ƙasa ko farar ƙasa yana fita tsaf da ƙaramar guduma, wanda aka ɗaura da siminti kuwa rabinsa fashewa yake yi, sai dai ciko. Irin waɗannan gidaje yawanci na hukuma ne, a ga takarda kafin a taɓa.

9. Raba ƙasa kashi uku

Ƙasar rufi da ta saman bango ita ce mai kyau. A farfasa, a jiƙa ta kwana biyu ko uku, a ƙara sabon birji, wato ƙasar gini mai tsakuwa, da ciyawa, a taka, ta koma gini ko yaɓe. Ta gindin bango, kamar kamu biyu daga ƙasa, wadda ta yi fari-fari tana marmashewa, gishiri ya cinye ta. In ka sa ta a sabon gini za ta ci gaba da jan danshi. Ita da ta wajen turke da madafa manoma suna ɗiba su kai gona. Ta kusa da salga da makwarara a kai ta can ciko, nesa da rijiya.

10. Tantance azara da ajiyarta

A kankare kowacce da gizago ko burushin ƙarfe, a ƙwanƙwasa ta da guduma daga kai zuwa kai. Lafiyayya tana amsawa da ƙara mai kaifi, wadda ta ruɓe a ciki kuwa sai ka ji dum. Baƙa mai nauyi, mai matsattsun zaruruwa, daga bayan itacen aka tsago ta, ita ce ta gaske, magina kuma sun fi yabon ta namijin giginya. Mai haske marar nauyi ta kusa da bargo ce, ita gara ke samu. Yawanci kawunan da suka zauna cikin bango ne ke lalacewa. A yanke su da zarto har a iso lafiyayyen wuri, abin da ya rage ya yi kan ƙofa ko taga. Guntaye ma kada a ƙona, suna shiga hawan da ke fitowa daga bango.

A jera su bisa tsawo, a kan duwatsu ko bulo, ba a ƙasa ba, a sa 'yan sanduna tsakanin hawa da hawa don iska, a rufe sama da tsohon kwano. Kada a naɗe da leda, gumi zai kama su. Masu shafa baƙin mai suna yi, yana kuma korar gara, amma ni ba na sa shi sai a kan da zai shiga bango, domin warinsa ba ya barin ɗaki, kuma yana kashe kyan azarar in za a bar ta a bayyane. Lokacin sake aiki da ita, a tuna ba ta son ƙusa, tsagewa take yi. Ɗauri ake yi, ko a huda tukuna.

Kafin ka kira mai saye, ka tambayi magada ko za su sa wasu a sabon ginin. Silin zaure ko rumfar tsakar gida da tsohuwar azara ya fi silin roba sanyi da kyan gani. Ragowar, maginan gargajiya da masu gyaran tsofaffin masallatai da gidajen sarauta su ne suka san darajarta, su za ka fara nema kafin masu itacen wuta su ji labari. A sayar da ƙidaya, ba da tsibi ba.

11. Abin da aka tsinta

Tsohon gida ba ya rasa ajiya: tulu a binne da wuri ko tsofaffin kuɗi irin su anini da sisi, layu a cikin bango, alluna, takobi, ko gafaka cike da takardun ajami a alkuki. Tun ranar farko ka gaya wa ma'aikata cewa duk abin da aka gani a tsaya a kira ka, kai kuma ka kira magada, a buɗe a gaban shaidu. Hukuncin abin da aka tono a bar wa malamai. Ka kuma sani dokar kayan tarihi ta ƙasa ta shafi kayan hannun da aka yi kafin 1918, ba a sayar da su ga duk wanda ya zo da kuɗi, ba a fitar da su waje ba izini.

Takardu su suka fi saurin lalacewa a hannun masu kyakkyawar niyya. Kada a shanya su a rana, kada a sa a leda, kada a yi ƙoƙarin raba waɗanda suka manne, kada kuma a sake jera su, domin yawancinsu ba su da lambar shafi, kalmar da ke ƙasan kowace warƙa ce ke nuna wadda ke bi mata. A naɗe su yadda aka same su a cikin farin ƙyalle mai tsabta, a sa a kwali, a ajiye a ɗaki marar danshi har a sami malamin da zai duba.